Zauren Tambayoyi: An bar min gadon kod, ta ina zan fara?

Jama'a assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato yadda mutum zai gane kan kod ɗin da ba shi ya rubuta ba, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Ta farko za ta fi cin wuri don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni matashi ne a Kano, ban daɗe da samun aiki ba a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa makarantun kuɗi manhajar biyan kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarrabawa. Da Laravel aka yi ta, wani tsarin gina manhajar intanet da yaren PHP. Wanda ya rubuta ta ya bar aikin, ko waya ba ya ɗauka, kuma ko layi ɗaya na bayani bai bari ba, ga oga ya matsa min in gyara wajen rasit don wani lokaci kuɗin da yake nunawa ba ya zuwa daidai. Wallahi in na buɗe foldar kaina juyawa yake. Don Allah akwai manhajar da zan ba ta kod ɗin ta zana min hoton komai in huta?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya albarka a aikin. Akwai masu zanawa, da yawa ma, amma bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu, hoton komai da komai ba zai fisshe ka ba, don abin da zai fito akwatuna ne ɗaruruwa da layuka sun hau kan juna, kallo ɗaya za ka yi ka rufe. Tsohon kod kamar gidan gado yake, wannan ya ƙara ɗaki wancan ya toshe ƙofa ya fasa wata ta baya, kuma kai yanzu ba a ce ka san kowane ɗaki ba, ɗaki ɗaya aka aike ka, na rasit. To hanyar wannan ɗakin za ka nema, sauran za su zo a hankali.

Fara da sanin girman abin tukuna. A taminal ka rubuta tree -L 2 -I "vendor|node_modules" zai nuna maka foldoji hawa biyu kawai, ya tsallake waɗancan biyun da ba naku ba ne, laburaren mutane ne da aka sauke. Sai ka sa cloc, wata 'yar manhaja ce kyauta da ke ƙirga layukan kod ta ware maka nawa ne PHP nawa ne JavaScript nawa ne sharhi. Sau da yawa abin da ke firgita mutum in aka cire vendor sai ka ga bai kai rabin yadda ake tsoro ba.

Daga nan sai ƙofofi. Laravel ta yi maka gata a nan, rubuta php artisan route:list za ta jero maka duk adireshin da manhajar ke amsawa da sunan kwanturolar, wato sashen kod ɗin, da ke karɓar kowanne. Wannan jerin a wurina ya fi duk wani zane da za a yi maka a ranar farko. Nemo layin rasit. In ba ka gane shi da suna ba, ɗauki rasit ɗin da aka buga a takarda ka duba wata kalma da ke jikinsa, misali Balance ko Amount Paid, ka neme ta da rg "Amount Paid" wato ripgrep, wanda Andrew Gallant ya fitar a 2016, yana da sauri sosai kuma da kansa yake tsallake abin da ke cikin .gitignore, jerin fayilolin da aka ce kar a bi sawunsu. Zai kai ka fayil ɗin da ke zana rasit a cikin resources/views, daga can sai ka riƙa komawa baya, wa ya kira wannan fayil, wa ya ba shi lambar kuɗin, shi kuma daga ina ya samo ta.

A nan ne editarka za ta yi maka aiki. A VS Code ka sa Intelephense don ta gane PHP, sai ka haddace maɓallai biyu, F12 na kai ka inda aka rubuta fankshin, wato guntun kod mai suna da ke yin aiki ɗaya, Shift da F12 na nuna maka duk wuraren da aka kira shi. Na biyun nan shi ne mai ceton rai, kar ka taɓa canza fankshin ba ka duba su waye ke dogaro da shi ba. Amma fa Laravel na da wata ɗabi'a, abubuwa da yawa sai manhajar tana gudana ake haɗa su, don haka wani lokaci F12 zai ce maka bai ga komai ba alhali abin na nan. Akwai laravel-ide-helper da ke rage wannan matsalar. Sannan ka gudanar da php artisan event:list da php artisan schedule:list in sigar taku ba ta tsufa sosai ba, don akwai kod ɗin da babu wanda ke kiransa a fili, shi dai da an ajiye biya sai ya tashi, ko kuma da tsakar dare ya tashi ya taɓa lissafi, irin wannan ne yake sa mutum ya kwana yana neman abu a inda ba ya nan.

Zanen da zan ce lallai ka yi shi ne na databes. Buɗe ta da DBeaver, kyauta ce, tana zana maka tebura da alaƙarsu, MySQL Workbench ma tana yi, haka SchemaSpy. Kod yana canzawa kullum amma tebura ba sa saurin canzawa, in ka gane teburin ɗalibai da na zango da na biya da na ragi, to ka gane rabin tunanin wanda ya gina abin. Abu ɗaya da za ka lura, in zanen ya fito tebura a warwatse babu layi ko ɗaya tsakaninsu, ba DBeaver ce ta lalace ba, mutumin ne bai rubuta alaƙar a cikin databes ɗin ba, abin da ake kira forin ki, ya bar ta a cikin kod kawai. In haka ne sai ka bi sunaye irin student_id da term_id ka ja layukan da hannunka a takarda. Kuma tunda maganar kuɗi ce, duba irin gurbin da aka ajiye kuɗin a ciki, in ka ga FLOAT ko DOUBLE maimakon DECIMAL to ka sa masa ido, don irin wannan gurbin ba ya riƙe kobo daidai, in aka yi ta tarawa sai 'yan kura-kurai su fito. Ban ce shi ne ciwon ba, ban ga kod ɗinku ba, amma yana cikin wuraren farko da zan leƙa, shi da inda ake lissafin ragowar kuɗi, don sau da yawa za ka tarar ana lissafa ta a wuri biyu ko uku kowanne da tasa hanyar.

Na ƙarshe, ka sa Laravel Debugbar a kwamfutarka, ba a sabar da makarantu ke amfani da ita ba don Allah, ka buɗe rasit ɗaya da aka ce ya yi kuskure ka ga ainihin tambayoyin da aka aika wa databes ɗin. Karatun kod na nuna maka abin da zai iya faruwa, wannan kuma abin da ya faru yake nunawa. Duk abin da ka gano ka rubuta shi a README, fayil ɗin bayanin furojet, ko da layi goma ne, wanda zai zo bayanka kar ya sha irin wahalar da ka sha.

TAMBAYA: Salam Malam. Ɗaliba ce ni 'yar ajin ƙarshe a Zariya, furojet ɗina da Django na yaren Python na yi shi. Sufabaizana ya ce in kawo zanen tsarin manhajar a babi na uku. Na gwada pydeps ya fito min da hoto layuka sun cakuɗe ko ni da na rubuta ban gane ba. Ya zan yi?

AMSA: 'Yar'uwa ba laifinki ba ne, pydeps ta yi abin da aka gina ta ta yi ne, duk inda ta ga import, wato wani fayil ya shigo da wani, sai ta ja layi, ba ta san wanne ne muhimmi ba. Ita da kusan duk irinta Graphviz suke miƙa wa aikin zanen, tsohuwar manhaja ce da ta fito daga ɗakunan binciken AT&T a Amurka tun farkon shekarun 1990, ke za ki rubuta mata cewa a na zuwa b a wani ɗan yare da ake kira DOT, ita kuma ta nemi inda za ta ajiye kowane akwati. In akwatunan ashirin ne abin na kyau, in suka kai ɗari biyu ko ita ba ta da dabara.

Don haka rage mata kaya. Sa --max-bacon=1 ko 2 don kar ta yi nisa, sa --only da sunan fakitinki don ta bar laburaren waje, ko --cluster ta dunƙule su. Akwai kuma --show-cycles, wannan ina so ki gwada ko ba don babi na uku ba, tana nuna inda fayil a ke shigo da b shi kuma b ya zagayo ya shigo da a, irin zagayen da ke jawo ImportError ɗin nan mai ban haushi. Masu JavaScript suna da irinta, madge --circular, ko dependency-cruiser wadda har doka za ka iya kafa mata ka ce wannan foldar kar ta kuskura ta taɓa waccan.

Ga tebura kuwa, sa django-extensions ki rubuta python manage.py graph_models da sunan af ɗinki sai -o models.png, kar ki sa -a don zai kwaso har teburan Django na kanta su cika miki shafi. In zanen kilas-kilas ake so, wato rukunonin da ke tattara bayanai da fankshin wuri guda, pyreverse na zuwa tare da pylint, tana fitar da hoto biyu, na kilas da na fakiti.

Amma shawarata ta gaskiya, babban zanen da zai buɗe babin ki yi shi da kanki. Abin da malaminki yake son gani shi ne ko kin san abin da kika gina, waye ke amfani da shi, ina bayanai ke shiga ina suke kwana. Akwai tsarin da Simon Brown ya fito da shi mai suna C4, hawa huɗu ne, daga nesa zuwa kusa: na farko manhajar a akwati ɗaya da mutanen da ke hulɗa da ita, na biyu manyan sassa kamar burauza da saba da databes, na uku abin da ke cikin kowane sashe, na huɗu kod ɗin kansa. Biyun farko sun ishe ki, ki haɗa da zanen teburan. Ki rubuta su da Mermaid, rubutu ne kawai yake komawa zane, kuma tun 2022 GitHub ke nuna shi kai tsaye a cikin README, in kin canza abu layi ɗaya za ki gyara ba sai kin sake jan akwatuna da mawus ba. Ranar difens in aka nuna akwati aka ce wannan mene ne, wanda kika zana da hannunki ba zai ba ki kunya ba. Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Oga, na ga wani bidiyo a YouTube, kod yana tsirowa kamar bishiya wasu 'yan mutane na yawo suna harba haske. Mene ne sunan abin kuma yana da amfani a aiki? Daga Maraɗi.

AMSA: Gource ke nan, Andrew Caudwell ne ya rubuta ta. Tarihin git take karantawa, manhajar da ke ajiye duk canjin da aka yi wa kod, folda ta zama reshe, fayil ya zama ɗigo, 'yan mutanen kuma su ne masu komit, wato masu ajiye canjin. Tana da kyau a taro ko ranar da ake son nuna wa masu kuɗi cewa ana aiki, kuma takan nuna maka abu ɗaya na gaske, in mutum ɗaya ne kaɗai ke zagaya wani reshe shekara da shekaru to ranar da ya tafi akwai matsala. Akwai ma wata da ta fi ta ban sha'awa, CodeCity ta Richard Wettel daga jami'ar Lugano a Suwizalan, ita gari take ginawa, kowane kilas bene ne, tsawonsa yawan fankshin ɗin da ke ciki, kana kallo za ka hango wanda ya yi girman da bai kamata ba.

Sai dai amfanin da ke cikin tarihin git ba sai da bidiyo ba, kuma ni a ganina shi ne abin da mutanenmu suka fi sakaci da shi. Gwada wannan layin:

git log --name-only --pretty=format: | grep . | sort | uniq -c | sort -rn | head -20

Zai ba ka fayiloli ashirin da aka fi taɓawa tun da aka fara aikin. Ɗauki jerin ka haɗa da girman kowanne, fayil ɗin da yake ƙato kuma kullum ana cikin taɓa shi, to nan ne zafin yake, nan kura-kurai ke taruwa nan kuma ya kamata ka fara karantawa. Ƙaton fayil ɗin da rabon a taɓa shi shekara uku ka ƙyale shi ya yi barcinsa. Wannan tunanin Adam Tornhill ne ya yaɗa shi, har ya gina CodeScene a kansa, amma ka ga da layi ɗaya ka samu kaso mai tsoka kyauta. Haka git blame na gaya maka komit ɗin da ya kawo kowane layi, git log -S da wata kalma kuma na nemo maka ranar da kalmar ta shigo ko ta fita. Babu zanen da zai gaya maka dalilin da ya sa aka rubuta wani abu a karkace, amma saƙon komit na iya gaya maka, in dai mai shi ya rubuta abin kirki ba update update kawai ba. Wannan kuma roƙo ne gare mu duka, mu riƙa rubuta dalili.

TAMBAYA: Malam laftof ɗina ram 4 ne, ga wuta ba ta zama ga data ta yi tsada, amma ina son in riƙa karanta manyan furojet na buɗaɗɗen kod musamman na C. Wani ya ce min in nemi Sourcetrail.

AMSA: Sourcetrail ta yi kyau ƙwarai, kana danna fankshin tana nuna maka maƙwabtansa kawai ba duniya duka ba, kuma haka ya kamata zane ya kasance. Masu ita sun sake ta kyauta a 2019 amma suka daina kula da ita a ƙarshen 2021, tana nan a GitHub za ka iya saukewa, sai dai kafin ta gama karanta babban furojet ram 4 zai ji jiki.

Ka sauƙaƙa wa kanka. In Linux kake son karantawa, wanda kod ɗinsa ya haura layi miliyan 30, kar ka sauke komai, kamfanin Bootlin na da Elixir a intanet, kana danna sunan fankshin zai nuna maka inda aka rubuta shi da duk inda aka kira shi, a kowace siga, ko a waya yana buɗewa. In furojet ɗin na GitHub ne, kana cikin shafinsa danna maɓallin ɗigo a kibod, zai buɗe maka shi cikin VS Code a burauza. In kuma so kake ka karanta ba data, yi git clone --depth 1 lokacin da ka samu netwok mai arha, zai kawo sigar ƙarshe kawai ba tarihi, ka dai san ka rasa blame da log ke nan. Sai ka sa Universal Ctags da cscope, asalinsu tsofaffin kayan Unix ne da aka yi tun kwamfutoci ba su da ƙarfin ko wayar hannunka, a Vim kana danna Ctrl da ] ka faɗa cikin fankshin, Ctrl da T ka dawo. In zane kake so, Doxygen na yi, a fayil ɗin saitinta ka mayar da EXTRACT_ALL da HAVE_DOT da CALL_GRAPH da CALLER_GRAPH duk su zama YES, amma ka nuna mata folda ɗaya kawai, in ka ba ta duka batirinka zai mutu ba ta gama ba. Kuma kar ka fara da Linux, fara da ƙarami kamar Lua ko Redis, za ka fi jin daɗin karatun.

TAMBAYA: Ni dai ChatGPT nake liƙa wa kod ɗin ofis ya yi min bayani har da zane. Akwai aibu?

AMSA: Yana taimakawa, musamman in fayil ɗaya ne mai wuyar karatu, kuma yana iya rubuta maka Mermaid cikin daƙiƙa. Matsala biyu ce. Ta farko, abin da ka liƙa masa kaɗai yake gani, sauran cikewa yake yi da zato, zai ja maka layi tsakanin fayiloli biyu da ba su taɓa haɗuwa ba kuma ya faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa, don haka duk layin da ya zana ka tabbatar da shi da Shift da F12 ko rg kafin ka gina komai a kai. Dabarar da ta fi, ka fara fitar da gaskiyar da kayan da ba sa zato, sakamakon tree da route:list da madge, sannan ka ba shi ka ce ya tsara maka.

Ta biyu ta fi nauyi, kod ɗin amana ce ba naka ba ne. Ka tambayi ogan ka ko ya yarda kafin ka fitar da shi waje. Fayil ɗin .env kar ya kuskura ya shiga, nan ne kalmar sirrin databes da makullan kamfanin biyan kuɗi suke, haka duk wani fayil mai ɗauke da sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu, a Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta shafi irin wannan. In ka riga ka liƙa makulli, goge hirar bai wadatar ba, yau ɗin nan ka sanar da wanda ke riƙe da sabar a soke makullin a fitar da sabo.